Baƙin Kaka a Fadamar Rima

Mu mutanen Isa da Sabon Birni mun daɗe muna karanta lokaci a jikin tsuntsaye. Shamuwa ta sauka a kan kuka, mun san damina ta ƙarato. Idan ta tashi ta nufi kudancin Afirka, kaka ta yi. A daidai wannan lokacin, wajen watan Oktoba, wasu baƙin ke isowa daga Turai bayan sun ƙetare hamadar Sahara: tsattsewa, da agwagin ruwa, da ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari. Sai su tarar da 'yan gida, wato zalɓe da balbela da kirinjijiya.

Abin da ke jawo su shi ne ya jawo kakanninmu. Gobirawa sun kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima, suka zauna cikinta har ta faɗi a 1808. Duk shekara gulbi na cika ya malala, ya janye ya bar tafkuna da laka. Manomi ya samu shinkafa, masunci ya samu kifi, makiyayi ya samu ciyawa, tsuntsu ya samu masauki.

Da ruwan ya gaza, har Turai aka ji a jika. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Bincike ya kai su ga farin da ya fara a yankin Sahel, inda tsuntsun ke cin rani. Farin nan ne ya tsananta a 1973, ya kashe dabbobi, ya tashi ƙauyuka. Tun daga nan aka gane yawan tsuntsayen Turai yana rataye da ruwan fadamunmu.

Daga baya madatsun ruwa suka zo: Zobe da Jibiya a sama da mu, Goronyo a ƙasa a 1984. Sun kawo noman rani, amma sun sauya lokacin malalar ruwa da yawanta. Yau kuma 'yan bindiga sun hana da yawa daga cikinmu zuwa fadama.

Don haka lissafin tsuntsaye ba aikin marasa abin yi ba ne. Dattawan da suka san inda gauraka ke kiwo, da tafkin da ya ƙafe, suna nan da ransu. Mu tambaye su, mu rubuta sunan tsuntsu da wuri da shekara, ko da a waya ne.