Ruɗewar tsofaffi bayan tiyata: fiye da shekara 170 ana neman magani

Da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa jinyar dattijo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato sun san wannan yanayi. An yi aiki lafiya, likita ya ce komai ya tafi daidai, amma kwana ɗaya ko biyu sai Baba ya fara sambatu. Ya kasa gane 'ya'yansa, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa a kai shi gona cikin dare. Wasu su ce gigin tsufa ne, wasu su ce iska ce. Likitoci kuwa suna kiransa diliriyom, wato ruɗewar ƙwaƙwalwa da ke zuwa farat ɗaya, tana lafawa tana tashi. Ba ƙaramin abu ba ne, domin tana tsawaita zaman asibiti, tana ƙara haɗarin mutuwa, wasu kuma hankalinsu ba ya komawa yadda yake.

Sunan ma daga gona ya fito. A Latin, asalin kalmar na nufin garma ta kauce daga layin huɗa, kuma marubucin Rum Celsus ya yi amfani da ita tun ƙarni na farko. Sai dai alaƙarta da tiyata ta ƙara fitowa fili bayan da aka samu maganin sa barci. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci sinadarin ita a birnin Boston na Amurka, aka yi masa aiki bai ji zafi ba. Shekara guda bayan nan James Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinbura. Tiyata ta yawaita, matsalar ma ta biyo baya. A 1887 likitan ƙwaƙwalwa George Savage na Landan ya rubuta rahoto kan mutanen da hankalinsu ya gushe bayan an sa su barci. A 1955 kuma Dokta P. D. Bedford na Oksfod ya bi bayanan tsofaffi fiye da 1,000, ya nuna cewa wasunsu ba su sake zama yadda suke ba bayan aiki.

To, me ake yi wa tsohon da ya rikice? Abin da ya fi sauƙi shi ne a ƙara masa maganin barci don ya natsu. A 1960 kamfanin Roche ya fito da Librium, a 1963 ya fito da Valium, wato diyazafam da muka sani a kemis. Daga baya midazolam ya shigo. Waɗannan magunguna suna ƙarfafa aikin wani sinadari mai suna GABA, wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa. An karɓe su hannu bibbiyu saboda sun fi magungunan da suka gabace su aminci. Matsalar ita ce jikin tsoho ba ya fitar da su da wuri. A jikin ɗan shekara 20, rabin diyazafam kan fita cikin kimanin awa 20, a jikin ɗan shekara 80 kuwa yakan kai awa 90. Ka ga ke nan allurar daren Litinin tana nan tana aiki har Alhamis. A 1994 Edward Marcantonio da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa waɗanda aka ba irin waɗannan magunguna, ko allurar kashe zafi ta fetidin, sun fi faɗawa cikin ruɗewa bayan tiyata. Abin da ake bayarwa don kwantar da hankali, ashe yana cikin masu dagula shi.

Daga nan aka koma neman maganin barcin da ba shi da wannan illa. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da desmedetomidin. Shi ba ta hanyar GABA yake bi ba. Yana rage aikin wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa da ke riƙe mutum a farke, don haka barcinsa ya fi kama da na gaske, kuma ba ya danne numfashi sosai. A 2016 mujallar The Lancet ta buga wani gwaji daga birnin Beijin kan mutum 700 masu shekara 65 zuwa sama da ke sashen kulawa ta musamman bayan tiyata. Cikin waɗanda aka ɗiga wa kaɗan daga maganin har wayewar gari, kashi 9 cikin 100 ne suka ruɗe, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 23. Murna ba ta daɗe ba. A 2017 wani gwaji a Amurka da ya ba da shi lokacin da ake cikin aiki bai ga bambanci ba, haka ma gwajin DECADE na 2020 kan masu tiyatar zuciya. Ga shi kuma yana iya rage bugun zuciya da saukar da jini, dole sai da na'urar sa ido.

Ketamin ma, wanda asibitocinmu suka dogara da shi saboda araha, an gwada shi. Gwajin PODCAST na 2017 ya nuna ƙaramar allurarsa ba ta hana ruɗewa ba, sai ma ƙarin gane-gane da munanan mafarkai. A 2021 gwajin REGAIN kan mutum 1,600 masu karayar ƙugu ya gano cewa allurar baya da barcin gaba ɗaya kusan sakamako ɗaya suka bayar, wajen mutum ɗaya cikin biyar ya ruɗe a kowane ɓangare.

Abin mamaki, nasarar da ta fi ɗorewa ba daga kwalba ta fito ba. A 1999 Dokta Sharon Inouye ta Jami'ar Yale ta buga sakamakon aikinta kan marasa lafiya 852 masu shekara 70 zuwa sama. Ta kula da abubuwa shida: raunin tunani, rashin barci, rashin motsi, matsalar gani, matsalar ji, da ƙarancin ruwa a jiki. Ana tuna wa tsoho rana da wurin da yake, a ba shi tabarau, a taka da shi, a rage hayaniya da dare, a shayar da shi. Ruɗewa ta sauko daga kashi 15 zuwa ƙasa kaɗan da kashi 10. Daga baya aka kai tsarin ɗakunan masu tiyata, ya kuma yi amfani.

A nan ne tarihin ya shafe mu kai tsaye. Abin da Inouye ta horar da 'yan sa kai su yi, a Sakkwato akwai mai yin sa a gefen kusan kowane gado, wato ɗa ko jika mai jinya. Ka riƙa gaya wa Baba ko Inna cewa yau Talata ce, an kira la'asar, muna asibiti. A buɗe taga da rana, a rage 'yan dubiya da dare. A zafin Afrilu da kan haura digiri 40, a kula da shan ruwa da zarar likita ya ba da izini. Kafin aiki, a faɗa wa likitan sa barci duk abin da tsohon ke sha, har da ƙwayar barci ta kemis da jiƙe-jiƙe, kuma kada a yanke wanda ya daɗe yana sha ba da saninsa ba.

A kuma lura da tsohon da ya yi tsit, yana ta gyangyaɗi, ba ya bin magana. Wannan nau'in ruɗewar ya fi ɓuya, domin ba ya damun kowa. Ko mai sambatu ne ko mai shiru, a sanar da ma'aikatan jinya nan take, domin sau da yawa akwai dalili a ƙasa: zazzaɓi, ciwon da ba a kashe ba, fitsarin da ya ƙi fita, ko ƙarancin iska a jini. Shi ya kamata a fara nema kafin a ce a yi masa allura ya yi barci.