Dunƙulen magi 200 a rana

Tambayar tsohuwa ce, duk mai cefane a kasuwar Dakoro ya san ta: wane abinci ne zai riƙe jiki da kuɗi mafi ƙaranci? A 1945 masanin tattalin arziki George Stigler na Amurka ya sa ta a takarda, ya jera abinci iri 77 da sinadarai 9 da jiki ke buƙata, ya yi ta lalube har ya tsaya a dala 39.93 a shekara. A 1947 George Dantzig ya fito da dabarar simplex. Aka gwada ta a kan wannan lissafi, ma'aikata 9 suka duƙufa da injinan lissafi na tebur, amsa ta fito dala 39.69.

Warwarewa ta samu ke nan. Saura duba abin da aka ba na'ura ta warware. Dantzig da kansa ya ba da labarin yadda ya nemi kwamfuta ta tsara masa abincin rage ƙiba, sai ta rubuta masa galan 500 na binega, domin a jadawalin abincin da aka ba ta an manta cewa yawancinsa ruwa ne. Ya cire shi, can kuma ta ce ya sha dunƙulen magi 200 kullum, tunda ba wanda ya gaya mata gishiri yana da iyaka. Lissafinta daidai ne. Tambayar ce gurguwa.

Irin wannan tuntuɓe ya sa aka raba aikin biyu. A shekarun 1970 Bankin Duniya ya fara gina harshen kwamfuta na GAMS, a 1985 kuma irinsa mai suna AMPL ya fito daga cibiyar bincike ta Bell Labs. A cikinsu mutum yana rubuta sharuɗɗansa yadda ido zai karanta su, ya bi su layi-layi, kafin ya miƙa wa manhajar da ke warwarewa.

Zancen bai yi nisa da Dakoro ba. Likita André Briend, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Plumpy'Nut da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ciyar da yara da shi a nan lokacin yunwar 2005, ya yi rubutu kan amfani da wannan lissafi wajen haɗa abincin yara. Sai dai duk wanda zai ɗora shi a kan gero, wake da nonon wannan yanki, dole ya fara duba jadawalinsa. Kuɗin tiyar gero da kaka ba shi ne kuɗinta da damina ba, nono kuma yana ƙaranci da rani idan makiyaya sun yi kudu da shanu.