Magidanci Baƙo da Cuta Mai Daɗewa: Nazarin Aiki, Nauyin Iyali da Jinya a Yolde Kohi da Jimeta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi magidancin da gudun hijira ko ci-rani ya kawo Yola, mai ci da guminsa kullum, wanda hawan jini ko ciwon suga ya kama. An dogara da nazarin dokokin lafiya na Najeriya da rubuce-rubucen masana zamantakewa. Matsayar maƙalar ita ce, tsarin jinya da aka gina domin mai albashi shi ke raba irin wannan mutum da magani, fiye da rashin sani.

1.0 Gabatarwa

Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 garin bai rabu da baƙi ba, kuma fatauci ne ya raya Jimeta a bakin kogin Binuwai. Sai dai kwararar da aka gani a 2014 ta sha bamban. Boko Haram ta ci Madagali da Michika, ta shiga Mubi a ƙarshen Oktoba, dubban iyalai suka kwararo Yola. Kaɗan ne suka zauna a sansanoni irin na Malkohi. Mafi yawa sun raɓu da dangi a unguwanni da ƙauyukan gefen gari. Manomin da ya baro gonarsa ya koma ɗan dako, ko ɗan ga-ruwa, ko maigadi, ko ɗan ƙodago a fadamar Geriyo. Wanda ke zaune a mazaɓa irin Yolde Kohi, a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, sai ya biya kuɗin mota kafin ya kai kasuwar Jimeta ko babban asibiti.

2.0 Ra'in Bincike

An ɗora nazarin a kan ra'ayoyi biyu. Michael Bury ya nuna a 1982 cewa cuta mai daɗewa tana wargaza yadda mutum ya tsara rayuwarsa da matsayinsa a gida. Paul Farmer kuwa, likitan da ya daɗe yana aiki a ƙauyen Cange na ƙasar Haiti, ya bayyana cewa talauci da tsarin mulki su ke zaɓen wanda zai kwanta da wanda zai warke. Magidancin Haiti da ke yankan rake a Jamhuriyar Dominika yana aika kuɗi gida, da takwaransa mai tura kurar ruwa a Jimeta, halinsu ɗaya: jikinsu ne jarinsu.

3.0 Jerin Wajibai

A fiƙihun Malikiyya da al'adar yankin, ciyarwa da tufatarwa da matsuguni suna wuyan maigida. Baƙo yana da ƙarin nauyi: kuɗin haya, da aiken da iyaye ke jira a gida. Mai tuƙa keke napep kuma sai ya fara cire balas ɗin mai keke. Idan aka jera waɗannan, magani ne ke zuwa ƙarshe, domin yunwar yara tana magana yau, hawan jini kuwa yakan shekara bai nuna alama ba. Shi ya sa ake yawan jin cewa, “Idan ban fita ba, ba a ɗora tukunya.”

Abin da ke biyo baya sananne ne ga likitoci. Magunguna irin su amlodipine da metformin kullum ake shan su, amma mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi na ’yan kwanaki a kemis, ya daina da zarar ya ji sauƙi. Allurar insulin tana son sanyi, alhali zafin Yola yakan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wutar lantarki kuma ba tabbas. Hawan jini da ciwon suga suna cikin manyan cututtukan da ke lalata ƙoda, wadda wankinta ke buƙatar zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako. A nan matar gida takan ɗauki ciyarwa, babban ɗa ya bar makaranta.

4.0 Giɓin da ke Cikin Tsari

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Inshora ta fi sauƙin kafuwa inda ake cire kuɗi daga albashi, ɗan dako kuwa ba shi da takardar albashi. Cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira sun ƙara tsadar mota da magani a lokaci guda. Ganin likita kuma da safe ake yi, daidai lokacin da ake rabon aiki a kasuwa, saboda haka majinyaci yana biya sau biyu: kuɗin asibiti, da kuɗin yinin da ya rasa.

5.0 Kammalawa

Wayar da kai kaɗai ba za ta wadatar ba. Maƙalar na ba da shawarar a kai awon jini da na suga tashoshi da kasuwanni, a buɗe asibitocin matakin farko da yamma, a riƙa ba majinyacin da ciwonsa ya daidaita maganin wata uku a zuwa ɗaya. Hukumar inshorar lafiya ta jihar Adamawa kuma ta karɓi kuɗi kaɗan-kaɗan ta hannun ƙungiyoyin sana'a, kamar yadda ake zubin adashe, ba tare da neman takardar shaidar asalin jiha ba.