Binciken Tarihin Masarautun Arewacin Kamaru

Rubutaccen bincike kan masarautun Fulani na arewacin Kamaru ya faro ne daga jami'an mulkin mallaka. Bayan Jamusawa sun kama Garwa a 1901, wani jami'insu, Kurt Strümpell, ya wallafa tarihin Adamawa a 1912. Bukatar irin waɗannan jami'ai ita ce sanin wa ke riƙe da ƙasa da yadda za a karɓi haraji, don haka labarin talakawa bai samu wuri sosai ba.

Wanda ya sauya akalar aikin shi ne Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934. Ya bi fadojin lamidai ɗaya bayan ɗaya, yana naɗar bayanan dattawa da Fulatanci, yana kwatanta su da takardun Jamusawa da Faransawa. Littafinsa kan Rai Buba ya fito a 1979, na Garwa kuma, wanda ya rubuta tare da Modibbo Ahmadu Bassoro, a 1980. Ba don wannan himma ba, da yawancin labaran sun tafi tare da masu su.

Da aka rufe cibiyar binciken zamantakewa ta ƙasa da yake aiki a cikinta a 1991, ya koma Jami'ar Maiduguri, inda ya rasu a 2004. Daga baya binciken yankin ya koma hannun jami'o'in Ngaundare da Marwa, sannan ta Garwa da aka kafa a 2022.