Madogara a binciken magungunan gargajiya: wa ake ambata, wa ake mantawa?

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu duba tarihin madogara, wato yadda mai bincike yake nuna inda ya samo zancensa. A shekarar 1978 ne wasu editocin mujallun likitanci suka taru a Vankuba ta Kanada, suka tsara ƙa'idar da mujallun ilimin magunguna da dama suke bi: lamba a cikin rubutu, a ƙarshe kuma sunan marubuci, kan aikin, mujalla, shekara da shafi.

Wannan ƙa'ida ta yi wa littafi adalci. Mai rubutu a kan sabara ko kalgo zai ambaci Dalziel (1937), ko aikin ayarin Adjanohoun a kan tsirran Nijar (1980). To amma da yawa daga abin da suka rubuta, daga bakin masu magani aka ji shi. Tsohuwar da ta nuna saiwa a Tibiri, da mai sayar da sassaƙe a kasuwar Maraɗi, ba su da gurbi a jerin.

Alhali malamanmu sun daɗe da sanin isnadi: wane daga wane, har zuwa tushe. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ma ta wajabta neman izinin masu ilimin gargajiya da raba amfani da su. Saboda haka muke ganin idan ɗalibi ya ji magani a Jiratawa, ya rubuta garin, da ranar, da sunan mai bayani in ya yarda. Ta haka na baya zai iya komawa ya tabbatar.