Na'urar ɗaukar awon haƙora ta dijital: yadda aka sauƙaƙa aiki da ita, da inda har yanzu take da saura

Kafin a yi wa mutum haƙorin roba, ko murfin da ake kifa wa haƙorin da ya lalace, ko abin daidaita haƙoran da suka karkace, sai likita ya ɗauki awon bakinsa. Idan awon ya kauce, ko da da kaurin gashi ne, abin da aka ƙera ba zai zauna daidai ba: abinci ya riƙa maƙalewa, dasashi ya kumbura, a koma asibiti a sake kashe kuɗi. Na'urar ɗaukar awon haƙora ta dijital, wadda likitoci ke kira sikanar cikin baki, an ƙirƙiro ta ne domin rage wannan matsala.

Tsohuwar hanya

A al'ada, likita yakan kwaɓa wani gari da ake samu daga ciyawar teku, ko ya yi amfani da wani nau'in roba mai laushi, ya cika ɗan faranti mai siffar muƙamuƙi, ya danna shi a kan haƙora har ya daskare. Daga nan a zuba filasta a cikin gurbin, a samu kwatankwacin bakin. Hanyar tana da araha, kuma har yau ana amfani da ita a ko'ina. Illarta ita ce tana sa wasu mutane yunƙurin amai, kwaɓin ciyawar tekun yakan motse idan aka jinkirta zuba filasta, sannan filastar takan karye a hanyar kai ta wurin maƙera haƙora.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar sanda ce da ake riƙewa a hannu, da 'yar kyamara a bakinta. Tana haska haƙora, ta ɗauki hotuna masu yawa a jere, manhajar kwamfuta kuma ta ɗinke su su zama siffar bakin gaba ɗaya, wadda ake iya jujjuyawa a allo. Da haske take aiki, don haka saman haƙori da dasashi kawai take gani. Ba ta maye gurbin hoton ƙashi, wanda shi ne ke nuna saiwar haƙori da abin da ke ƙarƙashin dasashi.

Tarihinta a taƙaice

Wani likitan haƙora ɗan ƙasar Faransa, François Duret, shi ya fara gabatar da tunanin ɗaukar awo da haske a kundin bincikensa na 1973. A 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini na Jami'ar Zurik da ke Suwizalan suka yi wa majinyaci na farko aiki da na'urarsu mai suna CEREC. Duk da haka, na'urar ta shafe shekaru fiye da ashirin ba ta bazu sosai ba, saboda tsadarta da kuma wuyar sarrafa ta.

Abubuwan da aka gyara

Na farko shi ne hoda. Na'urorin farko ba sa iya karanta haƙori mai sheƙi, sai an fesa masa wata farar hoda. Idan hodar ta yi kauri awon ya ɓaci, idan yawu ya taɓa ta a sake fesawa. Na'urar iTero, wadda kamfanin Align Technology ya mallaka tun 2011, da TRIOS ta kamfanin 3Shape na Denmak wadda ta fito a shekarar, suna aiki ba tare da hoda ba. A 2012 CEREC ma ta fitar da samfurin Omnicam, wanda ba ya buƙatar hoda kuma yake ɗaukar hoto mai launi.

Na biyu shi ne hannun likita. Sandar da ta yi nauyi tana gajiyar da wuyan hannu, mai ƙaton kai kuma ba ta isa haƙoran can ciki, musamman a bakin yaro. Masu ƙerawa sun rage nauyi da girman kai, kuma a 2017 aka fitar da TRIOS marar waya. Yanzu kan sandar ana cire shi a tsaftace a tukunyar tururi ko a yar da shi bayan kowane majinyaci, kuma ana ɗumama madubinsa don kada hucin baki ya dushe shi.

Na uku shi ne manhaja. A da, idan hannu ya goce sai a fara daga farko. Manhajojin yanzu suna gane inda aka tsaya su ci gaba, suna nuna da launi wuraren da hoton bai cika ba, suna kuma share harshe da kunci da yatsan likita daga hoton da kansu.

Na huɗu shi ne fayil. Wasu kamfanoni sun daɗe suna kulle awon da na'urarsu ta ɗauka, ta yadda injinansu kaɗai ke iya karanta shi. Yawancin na'urorin yau suna fitar da fayil nau'in STL, wanda kowane ɗakin ƙera haƙora mai kayan dijital zai iya buɗewa. Shigowar kamfanin Medit na Koriya ta Kudu da samfurin i500 a 2018 ta taimaka wajen saukar da farashi.

Inda take da saura

Na'urar ta fi ƙwarewa a kan haƙori ɗaya ko 'yan kaɗan. Idan za a ɗauki muƙamuƙi dukansa, ƙananan kurakurai sukan taru yayin ɗinke hotuna, musamman a bakin da haƙora suka zube, domin dasashi sumul yake, babu alamar da manhajar za ta kama. Jini da yawu da sheƙin ƙarfe, irin na haƙorin Makka, suna rikita ta, haka ma gefen haƙorin da ya nutse cikin dasashi. Shi ya sa ƙwararrun likitoci ba su watsar da tsohuwar hanya ba. Ƙwarewar mai riƙe da sandar ma tana shafar sakamako, kuma na'urar tana buƙatar a riƙa saita ta a kai a kai. A 2019 hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 20896-1 kan yadda za a auna daidaiton irin waɗannan na'urori.

Ga asibitocin Nijeriya, akwai ƙarin nauyi: da kuɗin waje ake sayo na'urar, tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarki tsayayya da intanet na tura fayil, wasu kamfanoni kuma suna karɓar kuɗin manhaja duk shekara.

Abin da majinyaci zai tambaya

Wanda aka ce za a ɗauki awon bakinsa da na'ura yana da damar ya tambayi ko an tsaftace kan sandar, ko aikin nasa irin wanda na'urar ta dace da shi ne, da kuma ko za a ba shi kwafin fayil ɗin. Fayil ɗin yana cikin bayanan lafiyarsa, kuma idan ya koma wani asibiti, sabon likita zai iya kwatanta shi da sabon awo ya ga yadda haƙoran suka sauya.