Tashar Kano da Asalin Gardama kan Hotunan Duniyar Wata

Tun kafin a fara musu a kan ko ɗan Adam ya taka duniyar wata, birnin Kano ya riga ya sa hannu a aikin da ya share fagen tafiyar, domin a farkon shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta kafa tasha a Kano cikin jerin tashoshi 18 da ta baza a faɗin duniya don bin sawun kumbunan shirin Mercury. Aikin tashar shi ne karɓar saƙonnin na'urorin kumbo da yin magana da matuƙinsa a 'yan mintocin da yake ratsa samaniyar yankin. A ranar 20 ga Fabrairu 1962, lokacin da ɗan sama jannati John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, su kuma suka amsa masa cewa iska ta yi mako guda tana bugawa, abin da ba zai ba wanda ya san hunturun ƙasar Hausa mamaki ba.

Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun sauka a wata ranar 20 ga Yuli 1969, kuma zuwa Disamba 1972 mutum 12 ne suka taka shi a tafiye-tafiye 6 na shirin Apollo, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. Shakkun da ya biyo baya a Amurka aka haife shi. A 1976 Bill Kaysing, tsohon ma'aikacin kamfanin Rocketdyne mai ƙera injin roka, ya buga littafin da ya ce a ɗakin ɗaukar fim aka shirya komai, kuma maganarsa ta sami kasuwa saboda yaƙin Biyetnam da badaƙalar Watergate sun riga sun zubar da amanar gwamnati a idon jama'a. A Fabrairu 2001 tashar talabijin ta Fox ta sake tayar da zancen, ta jingina shi da hotuna, kuma irin waɗannan hujjoji ne ke yawo a wayoyi a yau.

Hujjar da ta fi shahara ita ce ta inuwa. Masu ita suna cewa tunda rana ce kaɗai ke haska wata, ya kamata inuwoyi su miƙe a jere zuwa fuska guda, amma a hotuna sai a ga wata ta karkata dama wata hagu, don haka lallai fitilu aka kunna. Abin da suka tsallake shi ne cewa hoto shimfiɗaɗɗen abu ne da ke matse nisa da zurfi a kan takarda, shi ya sa layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa suke bayyana tamkar za su haɗe a can gaba. Wanda ya juya wa rana baya da la'asar a Rijiyar Lemo, ya ɗauki hoton turakun lantarki na titin Katsina, zai ga inuwoyinsu suna karkata zuwa ga juna alhali rana guda ce ta jefa su. Ƙari a kan haka, ƙasar wata cike take da tudu da kwari, kuma da gangan aka zaɓi sauka da hantsin wata, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa, domin dogayen inuwoyi su nuna wa matuƙi ramuka da duwatsu. Inuwa mai tsawo kuwa tana lanƙwashewa da ɗan tudun da ta hau. Babban raunin masu zancen inuwa dai yana cikin hujjar kanta, domin da fitilu biyu ko uku aka kunna, da kowane dutse ya fitar da inuwa biyu ko uku, abin da masu shagunan hoto na Fagge da Sabon Gari ke fama da shi kullum, kuma babu hoton Apollo da aka ga haka a cikinsa.

Sai tambayar yadda aka ga Aldrin tar yana saukowa daga tsani alhali yana cikin inuwar kumbo. Amsar ita ce ƙasar wata tana mayar da wani kaso na hasken da ya faɗo mata, farin tufafin kuma yana ƙara fito da shi. Rashin taurari a hotunan ma batun kamara ne, domin an saita kamarar Hasselblad da ke maƙale a ƙirjin 'yan sama jannatin ta buɗe ido na ƙyaftawa kawai saboda tsananin hasken ƙasa, lokacin da bai isa raunanan taurari su kama fim ba.

A ƙasar Hausa wannan shakku ya zauna tare da wata jita-jita da ke kishiyantarsa, wato cewa Armstrong ya ji kiran salla a wata har ya musulunta, labarin da ya bazu a ƙasashen Musulmi har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙaryata shi a 1983. Akan sami mai riƙe da duka biyun a zama guda, bai lura cewa na biyun ba ya tsayuwa sai an yarda an je ba. Game da zuwan kuwa, Tarayyar Sobiyet, wadda a lokacin take tsere da Amurka kuma take da na'urorin bin sawun kumbo, ba ta taɓa musanta saukar ba, ko da yake ita ce za ta fi kowa cin ribar tona asirin.

Daga 2009 kumbon NASA mai kewaya wata, wanda ake kira LRO a taƙaice, ya fara ɗauko hotunan wuraren sauka, inda ake ganin gindin kumbunan da aka bari da sawun da 'yan sama jannati suka bi, kuma a 2021 kumbon Indiya Chandrayaan-2 ya ɗauko wurin saukar Apollo 11 da na Apollo 12. Da aka jera hotunan LRO na lokuta daban-daban a 2012, an ga inuwar tutocin Apollo 12 da 16 da 17 tana juyawa da tafiyar rana, alamar suna tsaye, ban da ta Apollo 11, wadda Aldrin ya riga ya ba da rahoton cewa hucin roka ya kayar da ita lokacin tashinsu.